Mun Fara Haɗa Kati Don Nishaɗi, Yanzu Ya Koma Mini Aikin Dole

Assalamu alaikum Anti. Ina da aminiya da muka shaƙu tun muna makaranta. Shekara uku ke nan muna haɗuwa duk Asabar da yamma muna haɗa katin gaisuwa da hannu: na taya murna, na godiya, na gaida mara lafiya. Ni naɗin takarda na fi so, in yanka siraran ziri in nannaɗe su in fitar da fure da ganye. Ita kuma Allah ya ba ta kyan rubutu da tsaftar yanka. Da ba ma sayarwa, kyauta muke yi wa 'yan'uwa da abokan arziki. Bara ta fara ɗora hotunan a Instagram, mutane suka fara tambaya, ta fara karɓar oda. Da farko na yi murna ƙwarai. Amma yanzu Asabar ɗinmu ta koma aiki zalla. Kwanan nan ta karɓi aikin kati 60 iri ɗaya ba ta tambaye ni ba, kuma furen da ke jiki nawa ne, wanda na daɗe ina gyarawa kafin ya fito yadda nake so. Sunanta kaɗai ne a shafin da bayan katin. In hannuna ya kuskure sai ta ce "wannan ba zai sayu ba", ta ture shi gefe. Injin yankan ni na saya, yawancin takardun ma haka. Takan ba ni wani abu in an biya ta, amma ba mu taɓa zama mun yi lissafi ba. Na san tana bukatar kuɗin saboda aikin da take dogaro da shi ya tsaya. Ni kuwa yanzu ko almakashi na gani sai gabana ya faɗi. Mako biyu ke nan ina ƙirƙiro uzuri. Ba na son in rasa ta, ba na kuma son a ce hassada nake yi. In haƙura in ci gaba, ko in janye?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da na ga ya fi ci miki rai, wato tsoron a kira ki mai hassada. Mai hassada so take alherin ya gushe daga hannun 'yar'uwarta. Ke kuwa da bakinki kika ce kin yi murna, kuma a cikin ɓacin ranki ba ki manta kin faɗa mini aikinta ya tsaya ba. Abin da na karanto a wasiƙarki rashi ne. Kin rasa yammacin da kike hutawa a cikinsa, kin rasa hirar da kuke yi hannu na aiki baki na zuba, kuma furen da kika sha wahalarsa ya fita duniya babu sunanki. Duk wanda aka yi wa haka zai ji ciwo, ko da a hannun wanda yake ƙauna ne.

Faɗuwar gaban da kike yi in kin ga almakashi ma ba lalaci ba ne. A 1973 wasu masana halayyar ɗan'adam uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ƙananan yara a makarantar reno ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓo yaran da dama suke son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba tare da sun san za a ba su ba, wasu kuma ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki aka sake ajiye kayan zane a ajin ana lura daga nesa. Waɗanda aka yi wa alkawarin nan sai suka ɓata kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane. Lada ba ta rage wa waɗanda ta zo musu ba zato komai ba. Abin da ya rage sha'awar shi ne yaro ya fara ganin don wani abu yake zanen, ba don yana so ba. Ban kawo miki wannan don in ce kuɗi na kashe kowace sha'awa ba, domin akwai masu sayar da aikin hannunsu suna jin daɗinsa har tsufa. Bambancin shi ne su suka zaɓa. Ke kuwa kin wayi gari kin tsinci kanki cikin sana'ar da ba ki taɓa cewa kin shiga ba.

Yanzu mu dubi kati 60 ɗin nan da idon mai naɗi, domin ina zargin aminiyarki ba ta taɓa lissafa shi haka ba. Ke kin san yadda ganyen fure guda yake fitowa. Ki ɗauki zirin da faɗinsa bai wuce milimita 3 ba, ki maƙala bakinsa a tsagar abin naɗi, ki murza a hankali har ya ƙare, ki sake shi ya ɗan buɗe daidai girman 'yan'uwansa, ki ɗiga gam da bakin tsinke, ki riƙe har ya kama, sannan ki matse gefe ɗaya da yatsu biyu ya yi tsini. Wannan ganye ɗaya ke nan. In furenki mai ganye 6 ne, kati 60 na nufin ganye 360, ban da tsakiyar furen da korayen ganyayen gefe. A ce kowane fure minti 45 yake ci, awa 45 ke nan. In zamanku na Asabar awa 4 ne, ya haura Asabar 11 ba ki ɗaga kai ba. Ita kuwa rubutun cikin kati da yankan gefensa ba za su ci mata ko kusa da haka ba. Mai yiwuwa a wurinta 60 adadi ne kawai mai daɗin ji, tunda ba yatsunta ne za su yi tsami ba. Don haka kafin ku zauna, ki haɗa fure ɗaya da agogo a gabanki, ki rubuta ainihin mintunan da ya ci. Wannan lamba za ta yi miki magana fiye da doguwar ƙorafi.

Ina so kuma ki tsaya a inda take tsaye na ɗan lokaci. Mace ce da abin hannunta ya yanke, sai ga ƙofa ta buɗe ta inda ba ta zata ba. Wanda ke cikin wannan hali da wuya ya iya cewa kwastoma a'a, domin gani yake in ya saki wannan ba wani zai zo. Kalmar nan da ta soke ki, "ba zai sayu ba", ina jin tsoro ne ke magana a bakinta: tsoron a dawo mata da kaya, tsoron a yi mata mummunan sharhi a shafi. Kuma a gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙanwar da kika yi wa kati kyauta, in ganye ɗaya ya karkace, hannunki take gani a ciki ta ji daɗi. Wanda ya biya kuɗi kuwa karkacewar yake gani. Sannan ki tuna kin nuna murna da farko, ta ba ki kuɗi kin karɓa, ba ki taɓa cewa uffan ba. Ba laifi nake ɗora miki ba, kawaici ne irin na mai gudun ɓata zumunci. Amma daga inda take, shirunki amincewa ne. Zai yi wuya ta gyara abin da ba ta san ya ɓaci ba.

Wannan uzurin bai wanke komai da komai ba. Karɓar aiki da hannun wani ba tare da an tambaye shi ba kuskure ne, komai kusanci. Haka barin sunanki a waje. A ƙarshen shekarun 1840 akwai wata Esther Howland a garin Worcester na jihar Massachusetts, 'yar mai shagon sayar da takardu da littattafai, da ta fara haɗa katunan soyayya da hannu. Da oda ta yi mata yawa sai ta tara ƙawayenta a gidansu, kowace da abin da take yi, wannan ta yanka, waccan ta manna, kati na wucewa daga hannu zuwa hannu, ita tana dubawa. Haka sana'ar kati take komawa duk lokacin da ta girma, maimaici da dubawa da ture wanda bai yi ba, kuma wannan ba mugunta ba ce. Sai dai matan nan sun san aiki suka zo, kuma ana biyansu. Ke an ɗora ki a kan irin wannan teburin ne alhali zaman hira kika zo.

To me za ki yi? Uzurin nan da kike ƙirƙirowa ki daina shi daga yau. Kowane uzuri na ƙara mata zargi, kuma ranar da ta gano ƙirƙira ne, maganar za ta tashi daga kati ta koma kan gaskiya da amana, wanda ya fi wuyar ɗinkewa. Ki kira ta ki ce kina son ku haɗu, amma ba ranar Asabar ba, ba kuma a gaban kayan aiki ba. Kada ki rubuta mata a waya, rubutu ba ya ɗauke da murya. Kada kuma ki bi ta bakin wata ƙawa. Ki fara da abin da yake gaskiya kuma mai daɗi: kin ji daɗin yadda mutane suka karɓi aikin, kina son ta samu. Sannan ki ce mata wani abu kamar haka: "Na yi kewar zamanmu na da. Tun da oda ta fara yawa na daina jin daɗin naɗin, har na fara guje miki, kuma ba na son haka ta shiga tsakaninmu. Aikin 60 ɗin nan da kin tambaye ni, da na gaya miki awa nawa zai ci." Ki tsaya a kan abin da ya faru da yadda kika ji. Kada ki ce "kullum haka kike", domin daga nan kare kai za ta fara, ba saurare ba.

Odar da ta riga ta karɓa, shawarata ki taimaka a kammala ta. Akwai mutum na uku da aka yi wa alkawari, kuma in kika zame yanzu kunyar a kanta za ta faɗa a gaban baƙo, abin da zai daɗe bai bar ranta ba. Amma ki shiga da sharaɗi a fili: wannan ce ta ƙarshe da za a karɓa ba da saninki ba, ga abin da za a biya ki a kan kowane fure, ga ranar da za ki iya gamawa. In ranar da ta ba kwastoma ba za ta yiwu ba, ita za ta koma ta nemi ƙarin lokaci, ko ta nemi amincewarsa a sauƙaƙa furen, misali a fitar da ganyayen da injin yanka a naɗa tsakiyar kawai da hannu. Kada a canza masa kaya a ɓoye.

Akwai kuma hanyoyin rage wahalar da rage katunan da ake turewa gefe. Kada ki riƙa gama kati ɗaya ki ɗauki wani. Ki naɗe ganyayen duka a zama ɗaya, ki matse su a wani zaman, ki haɗa furanni a na uku, hannu ya fi sauri da daidaito in abu ɗaya yake maimaitawa. Ku sayi zirin da aka riga aka yanka maimakon yanka shi da kanku. Jikin katin kuwa, takarda mai kauri ta A4 in an raba ta biyu aka ninke kowane rabi, tana ba da kati mai milimita 105 da 148, daidai ambulan ɗin da ake kira C6. Ke nan takarda 30 ta isa kati 60, sai ku ƙara kaɗan saboda ɓarna. Takardar firinta ta yau da kullum giram 80 ce a kowace murabba'in mita, ba za ta ɗauki nauyin fure ba, ku nemi mai 250 zuwa 300. Irin wannan mai kaurin tana tsagewa a wurin ninki in aka lanƙwasa ta kai tsaye, sai an fara jan layi a kanta da rula da abu mara kaifi, ko da biron da tawadarsa ta ƙare ne. Farin gam yana da ruwa a ciki, in ya yi yawa takarda ta kumbura ta murɗe, don haka ɗigo ya isa, manyan ɓangarori kuma a manna su da salatif mai kama gefe biyu. Reza in ta dakushe yagar takarda take yi, a canza ta da wuri. Kuma furen naɗi yana da tudu, ambulan zalla na iya murƙushe shi a hanya, sai da ɗan kwali ko akwati mara zurfi. Katin da aminiyarki ta ture gefe ma kada ki yar, sau da yawa furen lafiyarsa lau, a yanko shi a ɗora kan sabon kati.

Batun suna ba ya bukatar rigima. Ƙaramin hatimi ko layi ɗaya a bayan kati, "fure: wance, rubutu: wance", da ambatonki a ƙarƙashin hotunan shafin, ya wadatar. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a Landan a 1843, Henry Cole ne ya sa aka yi shi, John Callcott Horsley ya zana, kuma har yau da sunayen biyu ake ba da labarinsa. Sunan mai zane bai rage wa mai kasuwa komai ba. Lissafi kuma ku buɗe masa littafi ɗaya: abin da aka kashe a takarda da gam da ambulan a fara mayar wa wadda ta saya, a ware ɗan wani abu don reza da farantan injin da ke cinyewa, sannan ladan aikin kowa gwargwadon lokacinsa, abin da ya rage shi ne riba. Na baya kuwa, in za ki iya, ki yafe shi. Tono lissafin shekara guda da ba a rubuta ba babu abin da zai haifar sai gardamar da ba mai shaida.

Bayan wannan odar hanya ta rabu, kuma ke za ki zaɓa. Kuna iya zama abokan kasuwanci na sosai, da sunan ku biyu, da iyakar katin da za ku karɓa a wata, ba a amsa wa kowa sai kun yarda ku biyu. Kina kuma iya fita daga kasuwancin gaba ɗaya ki bar mata, ki koya mata naɗin ko ta ƙirƙiro nata salon da ya dace da hannunta, wanda dama rubutu ne ƙarfinsa, in kuma wani ya nace sai furenki ta saya a wurinki lokacin da kike da sarari. Injin kina iya ba ta aro a ranakun da kuka tsayar. Daga yadda kika rubuto, ban ga mai son kasuwanci ba. Ba ki yi ƙorafin kuɗin ya yi kaɗan ba sai a gefe, abin da kika yi ta nanatawa Asabar ce. Saboda haka ni hanya ta biyu nake ganin ta fi miki, tare da sharaɗi ɗaya da za ki riƙe da ƙarfi: a bar ranar zamanku, ko da sau biyu ne a wata, babu oda, babu ɗaukar hoto don shafi, babu wanda zai ce wani abu ba zai sayu ba.

In kuna neman abin da za ku yi a wannan ranar, akwai wata al'ada ta masu aikin takarda da za ta dace da ku. A 1997 wani mai zane a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, M. Vänçi Stirnemann, ya fara baje ƙananan katuna masu milimita 64 da 89, ya ce duk mai so ya kawo nasa a yi musaya. Abin ya bazu ƙasashe da dama, kuma ƙa'idarsa har yau musaya ake yi, ba a sayarwa. Guntayen takardun da suka rage muku sun isa. Ko ku gwada abin da babu gwana a cikinku, kamar katin da ke tasowa in an buɗe shi: a ninke takarda, a yi tsaga biyu gajeru a jere daga bakin ninkin, a tura tsakiyar ciki ta zama ɗan mataki, a manna abin da ake so a kansa. Idan ku biyun duka 'yan koyo ne, babu mai duba aikin wani.

Ki shirya wa yiwuwar maganar ta yi mata zafi da farko. Tana iya yin kuka, tana iya cewa ashe ƙirga mata kike yi. Kada ki janye abin da kika faɗa don ta ji sanyi, kada kuma ki ƙara wuta. Ki ce mata don kina son zumuncin ya ɗore ne kika faɗa, ki ba ta kwanaki ta juya shi a ranta. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ƙawancen da ya taso tun makaranta yana da ƙarfin ɗaukar magana ɗaya mai nauyi. In kuwa bayan duk wannan ta ci gaba da karɓar oda da furenki ba ta sanar da ke ba, to ki karɓi injinki cikin mutunci, ki daina sa hannu a aikin, ki ci gaba da gaisawa da ziyara kamar da. Ban da habaici a shafi, ban da kai ƙara wurin ƙawaye.

Kafin ranar da za ku haɗu, ki ɗauko ziri biyu ko uku ke kaɗai, ki naɗa abin da ranki ya so, ba don kowa ba. In kin ji hannunki ya saki, sha'awar na nan, matsin ne ya danne ta. In kuma har yanzu nauyi kike ji, ki gaya mata kina bukatar hutun wata ɗaya bayan an miƙa odar, ku riƙa haɗuwa a kan wani abin daban kafin nan. Allah ya buɗa mata, ya daidaita tsakaninku. Ki rubuto mini yadda zaman ya kasance.